Dutsen Eberest: Masu Takarda da Masu Ɗaukar Kaya

Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu Nijar yana cikin ƙasar Abzin, a tsaunin Bagazam. Tsawon ƙololuwarsa metir 2,022 ne, in an auna daga fuskar ruwan teku, don haka ake auna duwatsun duniya duka. To, ɗauki irinsa guda huɗu ka ɗora su bisa juna. Har yanzu ba ka kai ƙololuwar dutsen da za mu ba ka tarihinsa ba, da sauran fiye da metir 700.

Sunansa Eberest. Yana can gabas mai nisa, cikin jerin duwatsun Himalaya, a kan iyakar ƙasar Nepal da yankin Tibet, wanda yake hannun ƙasar Sin. A shekarar 2020 Nepal da Sin suka sake auna shi tare, suka samu metir 8,849, ba kaɗan. Babu wani wuri a doron ƙasa da ya kai shi bisa.

In kakanka bafatake ne, ka ji labarin ayari. Ka san madugu ba ya ratsa ƙasar wani sarki sai ya nemi izini, ya biya abin da aka yanka masa. Ka kuma san akwai ƴan alaro, masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda in an dawo gida ba a ambaton sunansu cikin hira. Haka hawan wannan dutse yake tun farkonsa. Akwai takarda da ake nema wajen masu mulki, akwai kuma mutanen da ke ɗaukar kayan mai takardar. In ka bi sawun waɗannan biyu, ka fahimci tarihin duka.

Dutsen da aka auna daga nesa

Zamanin da Ingilishi ke mulkin Indiya, sarakunan Nepal sun rufe ƙasarsu. Sun ga abin da ya sami maƙwabtansu, sun san mai awon ƙasa shi ke shigowa gaba, soja na biye. Saboda haka ma'aikatan awo na Ingilishi suka tsaya a filayen Indiya, fiye da kilometir 150 daga dutsen, suna hango shi da manyan na'urori. Wani Ba'indiye masanin lissafi, Radanat Sikdar, ya zauna da lambobin, a 1852 ya gano cewa wannan tsinin da ke leƙowa bayan sauran ya fi su duka. Aka sanar da duniya a 1856. Ka dubi ikon lissafi: abin da suka samu daga wannan nisa, metir 8,840, bai kai metir 10 ba tsakaninsa da awon yau.

A 1865 aka raɗa masa sunan Joj Eberest, tsohon shugaban ofishin awon. Shi kansa bai so ba, ya ce mutanen ƙasar ba za su iya faɗin sunan ba. Alhali dutsen yana da sunansa tun da daɗewa. Mutanen Tibet suna ce masa Comolungma, suna ɗaukarsa mazaunin wata uwar iska. Daga baya Nepal ta sa masa nata, Sagarmata.

Ƙofar arewa

Da Turawan Ingila suka ƙudura hawansa, ƙofar kudu ta Nepal a rufe take. Sai suka juya wajen Tibet, inda shugaban addini da mulki, Dalai Lama na 13, yake zaune a birnin Lasa. Bayan doguwar magiya ya ba su takarda, suka shiga a 1921. Takardar ta umarci hakimai su taimaka musu da dabbobin kaya, kuma a cikinta an rubuta sunan dutsen na asali. Daga garin Darjilin na Indiya suka tashi, tafiyar kusan wata guda a kan tudu mai sanyi da iska. Tun kafin su isa, likita Kelas, ɗaya daga cikinsu, ya mutu a hanya. Shekarar nan ba su yi nufin kai ƙololuwa ba, neman hanya suka je, suka kuwa same ta.

Wa ya ɗauki kayan? Sherpawa ne da mutanen Tibet. Sherpa sunan ƙabila ne, ko da yake yau mutane da yawa suna zaton sunan sana'a ne. Kakanninsu sun ƙauro daga Tibet shekaru wajen 500 da suka wuce, suka zauna a kwarin Kumbu, gindin dutsen ta kudu. Manoman dankali ne, makiyayan wata irin saniya mai dogon gashi da ake kira yak, kuma fataken gishiri. Ba su taɓa hawan ƙololuwa ba kafin zuwan Turawa. Me za su nema a can? Ba ciyawa, ba ruwa, ga kuma tsoron iskokin wurin. Talauci ne ya kai samarinsu Darjilin cin rani, a can Turawa suka gane cewa jikinsu ya saba da bisa fiye da na kowa.

A 1922 aka dawo da niyyar hawa. Ranar 7 ga watan Yuni, bayan dusar ƙanƙara ta zuba da yawa, wani malamin makaranta mai suna Joj Malori ya ja ayari ya nufi sama. Dusar ta zaftaro ta kwashe su. Turawan uku duka suka fita da rai. Ƴan dako bakwai suka mutu. Su ne mutanen farko da aka rubuta mutuwarsu a jikin dutsen, kuma Malori ya rubuta wa gida cewa laifinsa ne.

A 1924 Malori ya sake dawowa, yana da shekara 37. Ranar 8 ga Yuni ya tashi daga zangon ƙarshe tare da wani saurayi ɗan shekara 22, Andiru Irbin. Wani abokinsu ya hango su daga ƙasa kamar ɗigo biyu suna motsi, sai gajimare ya rufe. Ba a sake ganinsu da rai ba. Shekara 75 bayan haka, a 1999, aka tsinci gawar Malori a wajen metir 8,150, sanyi ya adana ta, ƙafarsa a karye, igiya a ƙugunsa. A 2024 kuma aka sami takalmin Irbin da safa mai ɗauke da sunansa. Har yau masana suna gardama ko sun kai ƙololuwa kafin su faɗo.

Abin da ya biyo baya ya nuna maka ƙarfin mai ba da takarda. Mai ɗaukar hoton wannan tafiya ya yi fim, ya kwashi wasu malaman addinin Tibet zuwa Landan, yana sa su rawa da kiɗa gaban ƴan kallo kafin a nuna fim ɗin. Labari ya koma Lasa. Dalai Lama ya ga an wulakanta addininsu, ya rufe ƙofa. Ingilishi da dukan ƙarfinsu ba su sake taka dutsen ba sai 1933.

Akwai wanda ya ce shi ba ruwansa da takarda. Moris Wilson tsohon soja ne na Ingila, bai san komai game da hawan dutse ba, amma ya yi imani cewa azumi da addu'a sun isa. Ya koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama, ya tuƙo shi har Indiya a 1933. Hukuma ta hana shi wucewa. Sai ya sayar da jirgin, ya yi shigar malamin addinin Tibet, ya saci hanya da dare tare da Sherpawa uku a 1934. Da suka kai inda suka san ba ta yiwuwa, suka roƙe shi ya juyo. Ya ƙi, ya tafi shi kaɗai. Shekara ta zagayo wani ayari ya tarar da gawarsa da littafin da yake rubuta kwanakinsa. Cikin ƴan dakon wannan ayari na 1935 akwai wani yaro mai yawan murmushi, tafiyarsa ta farko ke nan. Sunansa Tenzin Norge. Riƙe sunan, za mu dawo kansa.

Abin da ke kashe mutum a can

Mu nan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai duk muna zaune ƙasa da metir 500, shi ya sa ba mu san yunwar iska ba. Cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe, oksijin, wanda jini ke ɗauka ya kai wa jiki. Da shi wuta ma ke ci. Gwargwadon hawanka sama, gwargwadon yadda iska ke sirancewa. A ƙololuwar Eberest, in ka ja numfashi guda, kashi 1 cikin 3 kawai kake samu na abin da mutumin bakin teku ke samu. Da za a ɗauke ka yanzu daga gonarka a ajiye ka can, cikin ƴan mintoci za ka suma.

Don haka ba a hawansa kai tsaye. Ana zama a babban zango na gindi, metir 5,364, a hau kaɗan a kwana, a sauko a huta, a sake hawa fiye da na jiya. Haka ake yi mako 5 ko 6, har jini ya ƙara ƙarfi. Amma daga metir 8,000 zuwa sama, jiki ba ya sabawa ko an shekara. Masu hawa suna kiran wurin yankin mutuwa. Abinci ba ya narkewa, barci ba ya zuwa, kowane taki sai mutum ya tsaya ya yi numfashi sau da yawa. Yawancinsu suna goye da tulun ƙarfe mai oksijin a baya, da abin rufe hanci. In tulun ya ƙare kana can, ka shiga uku.

Cutar bisa iri biyu ce mai kisa. Ɗaya, ruwa ya taru a huhu, mutum ya yi ta tari da kumfa, ya nutse alhali yana kan busasshen dutse. Ɗaya kuma, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wannan ta fi ban tsoro, don hankali take fara ɗaukewa. Sai ka ga mutum mai ilimi yana tangaɗi kamar mashayi, yana magana da wanda ba ya nan, ya zauna ya ce a bar shi ya huta. Maganinsu guda ne, saukowa da sauri. Amma a can kowa da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle ya goyi wani.

Sai sanyi. Ruwa yana daskarewa in ma'aunin zafi ya kai sifiri. Hunturunmu mafi tsanani, wanda ke sa tsofaffi kwana gaban wuta, da wuya ya sauka ƙasa da 10. A ƙololuwa, cikin watan Mayu da ake ganin sauƙi, yakan kai 25 ƙasa da sifiri, ko fiye. Wanda ya cire safar hannu na ɗan lokaci, yatsunsa su daskare, su yi baƙi, likita ya yanke. Hasken rana a kan farar dusa yana makanta wanda ya cire tabarau, na kwana ɗaya ko biyu. Makanta ta kwana ɗaya a kan siririn gefen dutse kuwa, ka san ƙarshenta.

Mutum fiye da 330 sun mutu a kan dutsen nan tun 1922. Da yawa cikin waɗanda suka mutu can sama, a hanyar dawowa ne, bayan sun taka ƙololuwa sun ƙarar da ƙarfinsu. Gawa wajen 200 na nan har yanzu, domin sauko da guda ɗaya aikin ƙarti 6 ne ko 8, su ma da ransu a hannu. Kusan kashi 1 cikin 3 na mamatan kuwa Sherpawa ne.

Shekarar 1953

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofofin suka juya. Nepal ta fara karɓar baƙi a 1949, sojojin Sin suka shiga Tibet a 1950, arewa ta rufe. Amma Nepal ƙasa ɗaya take ba izini a shekara. Mutanen Suwis suka riga kowa, suka karɓi 1952. Shugaban ƴan dakonsu shi ne Tenzin, yaron nan na 1935, yanzu ya zama gwani. Shi da wani Basuwise, Remon Lamber, suka kai kusan metir 8,600 suka juyo. Ingila ta sami 1953. An riga an yi wa Faransa alkawarin 1954. Ingilishi sun san in suka faɗi a wannan karo, wani zai ci.

Sai suka shirya kamar za su yaƙi, har madugun ma kanar ne na soja, Jan Hant. Ƴan dako fiye da 350 suka ɗauki kaya daga birnin Katmandu, a ƙafa, cikin watan Maris. Sherpawa 20 suka yi ta kai kaya daga zango zuwa zango a jikin dutsen. Mutum biyu na farko da aka tura, ranar 26 ga Mayu, sun kai inda saura wajen metir 100, ƙarfi da oksijin suka gaza, suka juyo da ransu. Sannan aka tura Tenzin da Edmon Hilari, mutumin ƙasar Niyu Zilan, wanda sana'arsa kiwon zuma. Suka kwana cikin ƙaramin tanti a wajen metir 8,500. Da asuba Hilari ya tarar takalmansa sun daskare kamar itace, sai da ya gasa su a kan risho. Ƙarfe 11 da rabi na safe, ranar 29 ga Mayu, suka tsaya inda babu sauran abin hawa.

Minti 15 suka yi. Tenzin ya tona dusa ya binne alewa, sadaka ga dutsen bisa al'adarsu. Hilari ya ɗauke shi hoto. Shi Hilari ba shi da hoto a can, hoton da duniya ta sani na Tenzin ne. Labari ya isa Landan daidai ranar naɗin sarauniya Elizabet, 2 ga Yuni. Aka ba Hant da Hilari sarauta, ana ce musu Sa. Tenzin, wanda wannan ne zuwansa na 7, lambar yabo aka rataya masa.

Ga wani abu da nake so ka tsaya a kansa, kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanka. Tenzin yana jin harsuna da dama, ya san dutsen fiye da kowane mahaluki, amma bai iya karatu ba. Da suka sauko, jama'a suka kewaye shi a hanyar Katmandu, wasu suna so a ce ɗan ƙasarsu ne ya riga Bature. Suka miƙa masa takarda, ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba. Takardar kuwa cewa take shi ya fara taka ƙololuwa. Wannan magana ta jawo masa ɓacin rai mai yawa, ta kusa ɓata tsakaninsa da abokinsa. Sai a 1955, cikin littafin tarihinsa da ya faɗa wani ya rubuta, ya bayyana cewa Hilari ne a gaba, shi yana biye, igiya ɗaya ta haɗa su. Mutumin da dutsen bai kayar ba, ƴar takarda ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba.

Hilari bai manta da mutanen Kumbu ba, a yaba masa. Da ya tambaye su abin da suke so, makaranta suka ce. A 1961 ya gina ta farko a ƙauyen Kumjung, aka bi da wasu, da asibiti a 1966. Tenzin ma ya sa ƴaƴansa karatu, bai so su ɗauki kayan kowa ba.

Takarda ta zama haja

Shekaru 30 da suka biyo baya na gwanaye ne. Mutanen Sin uku suka hau ta arewa a 1960. Mace ta farko, Junko Tabei ta ƙasar Japan, ta hau a 1975. A 1978 Mesna da Habela suka hau ba tulun oksijin, abin da likitoci da yawa suka ce ba ya yiwuwa. A lokacin ƙungiya takan jira shekaru kafin ta sami takarda.

A 1985 wani attajirin Amurka, Dik Bas, ɗan shekara 55, ya hau da taimakon gwani. Masu kuɗi suka ce ashe ana iyawa. Kamfanoni suka buɗe, suna cewa kawo kuɗi mu kai ka. Nepal kuwa ƙasa ce matalauciya, ba ta da teku, kamar tamu. Ta ga kasuwa, ta daina ƙayyade yawan masu shiga, ta sa wa takarda farashi. Daga 2015 kowane baƙo ya riƙa biyan dalar Amurka 11,000. Kada ka haɗa ta da dalarmu ta tamma biyar. Daga watan Satumba na 2025 kuɗin ya koma 15,000 ga mai hawa a lokacin bazara, watau sama da miliyan 8 na sefa, jikka 8,000 da ɗoriya. Wannan kuɗin takarda ne kawai. In ka haɗa da abinci, tanti, oksijin da ladan ma'aikata, tafiyar takan ci dala 35,000, ta masu hali kuma ta wuce 100,000.

Hukuma ba ta wasa da takardar. A 2017 an kama wani mutumin Afirka ta Kudu ya ɓuya cikin kogo kusa da babban zango, ba shi da izini. Aka karɓe fasfonsa, aka hana shi hawan duwatsun Nepal shekara 10. Wasu ƴan sanda biyu na Indiya, miji da mata, sun haɗa hoton ƙarya a 2016 suka karɓi takardar shaidar hawa. Asiri ya tonu, su ma shekara 10. Ƴan Afirka da suka bi ta ƙofa sun kai: Sibusiso Bilane a 2003, Sare Kumalo a 2019, ita ce baƙar mace ta farko daga nahiyarmu.

Sai dai takardar shaida ce cewa ka biya. Ba ta shaida cewa ka iya. Kuma wanda ya zuba dukiyarsa duka yana jin nauyin juyowa. A 1996 wani gwanin jagora, Rob Hol, ya kafa wa mutanensa doka: in ƙarfe 2 na rana ta yi ba ku kai ba, ku juyo. Cikinsu akwai wani ma'aikacin gidan waya da ya tara kuɗi da ƙyar, bara kuma an juyo da shi dab da ƙololuwa. Ranar 10 ga Mayu Hol ya karya dokarsa, ya jira shi har bayan ƙarfe 4. Guguwa ta same su a hanyar dawowa. Mutum 8 suka mutu a kan dutsen cikin kwana biyu, har da su biyun. Hol ya yi ban kwana da matarsa mai ciki ta wayar iska kafin sanyi ya gama da shi.

Iska mai ƙarfi tana kaɗawa a ƙololuwa kusan shekara duka. Cikin watan Mayu takan lafa na ƴan kwanaki, kafin damina ta faɗi a ƙasashen. Kowa wannan kwanakin yake jira. A 2019 Nepal ta ba da takarda 381, kowane mai takarda kuma da Sherpa ɗaya aƙalla a bayansa. Kwanakin kirki suka yi kaɗan. Ranar 22 ga Mayu aka ɗauki hoton da ya zaga duniya: mutane sun yi layi a kan igiya ɗaya cikin yankin mutuwa, kamar layin rijiya da rani, oksijin na ƙarewa suna tsaye. Mutum 11 suka mutu a shekarar. A 2023 takardun suka wuce 470, mamata 18. A 2024 Kotun Ƙoli ta Nepal ta umarci gwamnati ta ƙayyade yawan takardun. Ƙasar Butan ta bi wata hanya dabam: ta hana hawan manyan duwatsunta tun 1994 saboda addini, shi ya sa dutsenta Gankar Punsum, metir 7,570, babu wanda ya taɓa taka kansa.

Kura da shan bugu

Hanyar kudu tana da wani wuri da kowa ke tsoro, dab da babban zango. Kogi ne na ƙanƙara, daskararre, amma yana tafiya a hankali, wajen metir ɗaya a rana. A nan yana gangarowa daga wani babban tudu, sai ya farfashe. Akwai curin ƙanƙara kamar gidan sama da zai iya faɗuwa kowane lokaci, akwai ramuka da ba a ganin ƙarshensu. Kowace shekara wasu Sherpawa ƙalilan, da ake wa laƙabi da likitocin ƙanƙara, su ke fara shiga. Su ɗaura igiyoyi, su shimfiɗa tsani bisa ramukan, wani lokaci tsani 3 ko 4 a ɗaure da juna.

Baƙo mai takarda yakan ratsa wannan wuri sau 6 ko 8 a tafiyarsa duka, da ƴar jaka a baya. Sherpa mai kai tanti, abinci da tulunan oksijin yakan ratsa shi sau 20 ko fiye, da kaya mai nauyi. Kai ma ka iya lissafi yanzu, ka faɗi wanda mutuwa ta fi kusa da shi.

Da sassafe ranar 18 ga Afrilu 2014 wani ƙaton ƙanƙara ya ɓalle daga sama ya faɗa wa masu kaya. Mutum 16 suka mutu nan take, dukansu ƴan Nepal, babu baƙo ko ɗaya. Uku ba a ga gawarsu ba. Gwamnati ta karɓi fiye da dala miliyan 3 na takardu a shekarar, amma abin da ta fara miƙa wa kowane gida rupi 40,000 ne, wajen dala 400. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sherpawa suka taru a babban zango, suka ajiye aiki. Masu takarda, da kuɗinsu da komai, suka naɗe tanti suka koma gida, don ba mai ɗaura musu igiya. Bayan wannan aka ƙara kuɗin inshorar ma'aikaci daga dala 10,000 zuwa 15,000. A ganina har yanzu bai kai ba, tunda daidai yake da kuɗin takarda guda. Shekara ta zagayo, ranar 25 ga Afrilu 2015, girgizar ƙasa ta kashe mutum kusan 9,000 a Nepal, ta kuma turo dusa kan babban zango ta kashe aƙalla 18.

Kana iya tambaya, me ya sa ba su bar aikin ba? Ka tambayi ɗan ƙauyenku da ke tafiya haƙar zinariya. Sherpa gwani yana iya samun dala 5,000 cikin wata biyu, abin da manomin ƙasarsu zai yi shekaru bai gani ba. Da shi ake gina gida, da shi ake biyan kuɗin makaranta a Katmandu. Wasunsu yanzu sun kafa kamfanoninsu, su ke ɗaukar baƙi da kansu, ba su jiran Bature.

Wanda ya fi kowa hawan dutsen nan a duniya shi ne Kami Rita Sherpa, ɗan ƙauyen Tame, inda Tenzin ya yi ƙuruciya. Mahaifinsa ɗan dako ne. Shi ma da dako ya fara tun yana yaro, ya taka ƙololuwa karo na farko a 1994. A watan Mayu na 2025 ya taka ta karo na 31, yana da shekara 55, yana jagorantar wasu sojojin Indiya. Ya sa ƴaƴansa makaranta, ya kuma faɗa wa ƴan jarida cewa ba ya son su gaje shi.